Cocin Lungun Niddry da Littafin Murray Lyon

Ranar 31 ga Yuli, 1599, wani magini mai suna George Patoun ya tsaya gaban 'yan'uwansa magina a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan, ya amsa laifinsa. Ya ɗauko wani mutum ne wanda bai taɓa zaman koyo a hannun kowane maigida ba, ya sa shi aikin kan bututun hayaƙi na wani gida har kwana biyu da rabi. Patoun bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa wuya ga duk abin da manya za su yanke, ya yi alkawarin ba zai sake ba. Da suka ga ladabinsa sai suka yafe masa, amma suka sa magatakarda ya rubuta cewa duk wanda ya kuma irin wannan, doka za ta hau kansa. Da wannan 'yar shari'a rubutun zaman ƙungiyar maginan ya fara, kuma har yau babu wani zauren Firimason mai rai a duniya da ke riƙe da rubutun zama da ya girme shi.

A littafin David Murray Lyon na ci karo da Patoun, wato History of the Lodge of Edinburgh, wanda maɗaba'ar William Blackwood ta buga a 1873. Kwafin da aka ɗauka hoto na samu a intanet. Karatun allo ya gajiyar da idona, sai na fitar da shi a takarda, na kai wa mai ɗinkin littafi ya raba min shi gida biyu da bango mai kauri. Shekaru ke nan yana kusa da inda nake kwana, gefen shafukansa duk zanen fensir. Kakana magini ne, na ƙasa da makuba, kuma tun ina yaro nake jin yadda magina ke maganar ɗan gado da ɗan haye. A Edinbara ba gado ake tambaya ba, shekarun koyo ake tambaya, amma zafin ɗaya ne: wa ya ba wannan izinin taɓa aikinmu? Zaman farko ke nan, kuma daga nan littafin ya kama ni.

Na san abin da sunan Firimason ke tayarwa a zukatanmu. Malamanmu sun yi gargaɗi a kan ƙungiyar, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta yanke hukunci a kanta a Makka a 1978, Cocin Katolika ma ya haramta wa mabiyansa shigarta tun 1738. Ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba kuma kiran kowa nake yi gare ta ba. Abin da ya zaunar da ni a kan littafin shi ne tambaya ta tarihi: ta yaya ɗakin da aka gina don sujada ya koma wurin da magina ke yanke wa juna tara, daga nan kuma ya koma zauren da manyan gari ke rantsuwar 'yan'uwantaka? Lyon ɗan ƙungiyar ne, har ya zama babban magatakardanta na Sikotilan a 1877, amma kayan amsa wannan tambaya ya tara su da gaskiya irin wadda ba kasafai ake samu ba daga mutumin cikin gida.

Tsohon birnin Edinbara a kan doron tudu yake. Babban titi ya gangaro daga ganuwar dutse ta sama zuwa fadar Holyrood, lunguna sun fita dama da hagu kamar haƙarƙari. Ɗaya daga cikinsu shi ne lungun Niddry, mai gangarawa kudu zuwa unguwar Cowgate. A nan ne wata babbar mace, Elizabeth uwargidan Ross, ta kafa ƙaramin coci a 1504 da sunan Maryamu, irin ɗakin ibadar da masu hali na zamanin ke ginawa su ajiye limamin da zai riƙa yi musu addu'a. Magina a lokacin ba su da alaƙa da shi. Nasu wurin yana cikin babban cocin St Giles, inda hukumar gari ta ba su su da kafintoci bagaden Yohanna mai bishara a 1475, ranar da ta amince da su a matsayin ƙungiyar sana'a. Su ke sayen kyandir, su ke ɗaukar nauyin limamin bagaden, su ke fita jerin gwano ranar idinsa. Sai juyin addini na 1560 ya zo, Sikotilan ta koma Furotesta, aka kwashe bagadai daga St Giles, ƙananan coci-coci irin na lungun Niddry suka rasa aikin da aka gina su dominsa. Masu sana'a suka rasa bagade, cocin ya rasa masu sujada. A 1618 ƙungiyar kafintoci da magina ta sayi ginin ta mai da shi ɗakin taronta.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin wannan sauyi shi ne abin da bai sauya ba. Garin da ya tsani duk wani abu mai ƙamshin Katolika, garin da John Knox ya yi wa'azi a cikinsa, ya bar sunan Maryamu a kan ɗakin, har ƙungiyar kanta ta koma ana kiranta da sunan cocin. Babban zaman shekara na magina kuma bai gusa daga 27 ga Disamba ba, ranar Yohanna, waliyyin tsohon bagadensu. Mai bin kwanan watan da ke saman rubutun zaman da Lyon ya kawo zai ga ranar tana dawowa shekara bayan shekara: a nan ake zaɓen shugaba, a nan ake duba kuɗi, a nan ake ɗaukar sababbi. An daina kunna kyandir, amma ƙafa ba ta manta ranar ba. Lyon bai tsaya yin dogon sharhi a kan wannan ba. Ya jera takardun, ya bar mai karatu ya gani da idonsa, kuma wannan kamewar tana cikin abin da nake ƙauna a aikinsa.

Gwanintarsa ta farko ita ce girmama takarda. A zamaninsa, yawancin masu rubuta tarihin Firimason da tatsuniya suke farawa: daga haikalin Annabi Sulaiman, su biyo ta kan sarakunan da, su sauka a garinsu ba tare da shaida ko ɗaya ba. Lyon ya ajiye wannan a gefe, ya buɗe tsofaffin kundaye ya fara kwafa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a aikin maɗaba'a a garin Ayr, kuma ana ganin idon mai ɗab'i a kowane shafi. Ya bar rubutun yadda magatakardan ƙarni na 17 suka yi shi, da harshensu na tsohon Sikot da baƙaƙensu masu karkacewa, inda abu ya yi muhimmanci kuma ya sa hoton shafin asali don kada a ce shi ya ƙirƙira.

A waɗannan hotunan nake daɗewa. Dokar sana'ar ta ce duk wanda aka ɗaga zuwa matsayin gwani a rubuta sunansa da lambarsa a kundi, wato 'yar shaidar da zai riƙa sarawa a jikin dutsen da ya sassaƙa. Sai ka ga ƙarshen rubutun zama, sunaye sun jeru, kusa da kowanne akwai ɗan zane: wani gicciye, wani kibiya, wani layuka biyu da suka haɗu suka yi kusurwa, wani harafin sunansa da aka ƙara wa ƙafa. Kusan duka layuka ne miƙaƙƙu, domin kurfi a kan dutse ba ya son lanƙwasa. Wasu an ja su da hannu mai ƙarfi wanda ya saba da alƙalami. Wasu kuwa tawadar ta taru a wuri ɗaya, alamar hannun da ya fi sabawa da guduma ya danna fiye da kima. Na kan sa yatsa a kan irin waɗannan in tuna tafin hannun kakana, da yadda yake riƙe abu mara nauyi kamar yana tsoron ya karya shi. Ba don Lyon ya kashe kuɗi da wahala an zana waɗannan shafuka ba, da sunaye kawai za mu samu, da mutanen sun ɓace.

Ya kuma kawo dokokin William Schaw cikakku. Schaw shi ne mai kula da gine-ginen Sarki James na shida, kuma ranar 28 ga Disamba, 1598, ya fitar da ƙa'idoji ga dukan maginan ƙasar, waɗanda kwafinsu ke farkon kundin Edinbara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini zai gane su. Kada a ɗauki yaro koyo ƙasa da shekara bakwai. Kada maigida ya ɗauki yara fiye da uku a tsawon rayuwarsa sai da izini. Kada ka karɓe aikin da wani ya riga ya yi ciniki. Kada a ɗaga mutum sai an gwada hannunsa a gaban iyayengida shida. Wadda ta fi burge ni ita ce ta matakalar gini: maigidan da ya yi sakaci wajen ɗaure ta har wani ya ji rauni, ba zai ƙara shugabantar aiki ba, sai dai ya yi a ƙarƙashin wani har ƙarshen ransa. Shekara ɗari huɗu da wani abu ke nan da rubuta wannan. A dokoki na biyu, na 1599, Schaw ya jera zaurukan ƙasar, ya sa Edinbara na farko, Kilwinning na biyu, Stirling na uku. Nan adalcin Lyon ya fito, domin Kilwinning a yankinsu na Ayrshire take, ya yi shekaru yana rubutu a kanta, mutanenta kuma sun daɗe suna cewa su ne uwar kowa. Bai murɗe takardar don faranta wa 'yan gida ba.

Sannan ga sannu-sannun da baƙi suka shigo. Wannan shi ne zuciyar littafin, kuma Lyon bai yi gaggawa da shi ba. Ranar 8 ga Yuni, 1600, sunan wani mai gonaki, John Boswell na Auchinleck, ya bayyana a wani zama da aka yi a Holyrood don hukunta shugaban zauren, ya sa hannu ya kuma zana lamba kamar kowane magini. Sai shiru na shekaru. Ranar 3 ga Yuli, 1634, aka ɗauki mutum uku 'yan fada lokaci guda: Lord Alexander, ƙanensa Anthony Alexander wanda ke riƙe da muƙamin da Schaw ya taɓa riƙewa, da Sir Alexander Strachan. Sai kuma labarin da ya fi kowanne daɗin karantawa. A 1641 rundunar Sikotilan tana zaune a Newcastle cikin ƙasar Ingila, akwai maginan Edinbara a cikinta. Ranar 20 ga Mayu suka taru can nesa da gida suka ɗauki Robert Moray, babban jami'in da ke kula da masaukin runduna, suka rubuta abin a takarda, daga baya aka shigar da ita kundi. Moray ya zaɓi tauraro mai tsini biyar a matsayin lambarsa, ya ci gaba da sa shi a ƙarshen sa hannunsa har mutuwarsa, kuma shi ne wanda daga baya ya shiga sahun waɗanda suka kafa ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Landan a 1660. Wannan ita ce ɗauka mafi tsufa da aka rubuta a ƙasar Ingila, shekara biyar kafin ta Elias Ashmole a Warrington. Duk da haka zauren bai zama na manya dare ɗaya ba. Bayan kowane babban suna, shafuka sukan koma kan yara masu koyo da tara da rigimar aiki, da zuriyar Mylne waɗanda suka yi ta riƙe sarautar maginin sarki uba ya ba ɗa. An kusa shekara ɗari kafin masu farin hannu su rinjayi masu kanta.

Babin da na fi komawa gare shi shi ne na tawayen 'yan aikin lada. Waɗannan ƙwararru ne da suka gama koyo amma ba su da halin buɗe nasu aikin, sai su yi wa iyayengida a biya su. Kuɗinsu na shiga asusun zaure, amma ba su da ta cewa a kan yadda ake kashe shi, matan 'yan'uwansu da suka mutu kuma ba sa ganin abin kirki. Wajen 1708 suka kafa nasu asusun taimako. Magana ta yi tsami, suka fice, suka fara ɗaukar mutane suna ba su kalmar sirrin magina da kansu. Iyayengida suka sa aka ƙwace littattafansu, aka kulle biyu daga cikinsu. Aka je kotu, daga nan aka koma sulhu, a 1715 masu sasanci suka yanke cewa 'yan aikin lada suna da ikon haɗuwa su ba da kalmar su karɓi kuɗinta. Zaurensu yana nan har yau, shi ne mai lamba 8 a jerin Sikotilan. Lyon yana rubuta tarihin ɓangaren iyayengida ne, su suka buɗe masa akwatunansu, amma bai ɓoye cewa an matsa wa talakawan ba. A wannan babin ne mutum ke gane cewa kalmar sirrin nan, kafin ta zama abin al'ajabi, takardar shaidar cin abinci ce. Wanda yake da ita a ɗauke shi aiki, wanda ba shi da ita a kore shi daga kan bututun hayaƙi.

Ranar da cocin ya fi ganin taro ita ce 30 ga Nuwamba, 1736. Wakilan zauruka 33 suka cika shi suka kafa babbar majalisar Firimason ta Sikotilan, suka zaɓi William St Clair na Roslin shugaba na farko, bayan ya miƙa takardar sauka daga wata sarautar gado da ake cewa gidansu na da ita a kan magina. Labarin da ake yayatawa shi ne wai wani sarki ne ya naɗa kakanninsa tun ƙarni na 15. Lyon ya ɗauko takardu biyu da ake kafa hujja da su, na farkon ƙarni na 17, ya nuna cewa magina ne da kansu suka roƙi gidan St Clair ya zame musu majiɓinci da alƙali, babu naɗin sarki a ciki. Ya faɗi wannan cikin ladabi, ba tare da ya ci mutuncin waɗanda suka gaskata labarin ba, alhali labarin na ƙungiyarsa ne, abin alfaharinta.

To, amma zama da littafi shekaru yana nuna maka inda yake ɗingishi.

Babban wurin da na rabu da shi shi ne ziyarar Desaguliers. John Theophilus Desaguliers masanin kimiyya ne, abokin aikin Isaac Newton, ya kuma shugabanci babbar majalisar Landan a 1719, shekara biyu bayan kafa ta. A watan Agusta 1721 ya zo Edinbara don ba hukumar gari shawara kan ruwan sha, ya ziyarci zauren, aka gwada shi aka karɓe shi, washegari kuma aka ɗauki magajin gari da wasu manya. Lyon ya ɗora wa wannan ziyara kaya mai nauyi. A ganinsa daga nan ne Sikotilan ta koyi Firimason na alamu da darussa, wanda a ra'ayinsa Ingila ce ta ƙera shi, na Sikotilan kafin nan kuwa ƙungiyar sana'a ce kawai mai 'yar kalma. Rubutun zaman bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa shi ne baƙo ya zo, an tambaye shi, an same shi ya san abin da ake tambaya, wanda ke nuna cewa ɓangarorin biyu sun riga sun san harshen juna. David Stevenson, malamin tarihi wanda shi ba ɗan ƙungiyar ba ne, ya juya maganar a littafinsa The Origins of Freemasonry na 1988. Ya nuna cewa tsarin zaure da matakan ɗauka da tambayoyin gane juna sun bayyana a Sikotilan tun kafin Landan ta yi motsi, har akwai rubutacciyar tambaya da amsa ta 1696 da aka gano a ma'ajiyar takardun Edinbara bayan rasuwar Lyon. Ba na ganin laifinsa a kan takardar da bai gani ba. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, shaidun da ya tara da hannunsa, su Moray da tauraronsa, sun isa su sa shi ya yi taka-tsantsan, sai ya miƙa wa maƙwabta abin da ke cikin ɗakinsa.

Na biyu ya fi taɓa ni, don shi ne abin da na zo nema. Littafin yana ɗauke da sunan coci, amma cocin kansa ɗan gurbi ya samu. Lyon mutumin takarda ne, ba mutumin bango ba. Ya gaya mana wanda ya kafa da wanda ya saya, ya wuce zuwa ga mutane. Na so ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mana ga inda bagade yake a da, ga inda shugaba ke zama yanzu, ga yadda haske ke shigowa. Gaskiya ne an rushe ginin shekara 86 kafin littafin ya fito, amma mai irin haƙurinsa da ya bi takardun gyara da na haya, da ya tayar mana da ɗakin. Abubuwan da suka cika min hotonsa daga baya, a wasu wurare na tsinto su. Akwai zanen da Roderick Chalmers ya yi a 1720 don a kafa saman murhun ɗakin: masu sana'a goma na ƙungiyar, kowa da kayan aikinsa a gaban fadar Holyrood, magini da kafinta, mai gilashi, mai dalma, mai rufin falalen dutse, mai haɗa ganga, mai fenti, mai baka, mai ɗinkin kujeru, har da mai rariya. Ka ga ke nan inda ido ya saba sauka a kan siffar waliyyai, yanzu a kan ma'aikata yake sauka. Akwai kuma ƙungiyar mawaƙa ta Edinbara, wadda aka kafa a 1728, ta yi shekaru fiye da talatin tana haya a wannan ɗaki tana kiɗan goge da molo irin na Turai. Daren wannan rana rantsuwa, daren wata rana kiɗa, da rana kuma rigimar kafintoci.

Zanen Chalmers yana tuna mana wani abu da littafin bai fayyace sosai ba. Ginin ba na zauren magina ba ne. Na babbar ƙungiyar sana'o'i goma ne, wadda hukumar gari ta sani, mai hulɗa da kotu da haraji a fili. Zauren kuwa na magina ne kaɗai, a rufe yake, ba ya cikin tsarin gari. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke shugabantar ɓangaren magina a nan da can, shi ya sa suke shiga juna a takarda, kuma sai da na karanta Stevenson na raba su da kyau a kaina. Mai fara karatu da Lyon zai yi ta ruɗewa kan wanda ke magana.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Tsarin littafin yana yawo, yakan bar shekara ya bi wata magana har babi biyu kafin ya dawo. Tsohon harshen Sikot da ya bari yadda yake, wanda na yaba, yana da wuya ƙwarai ga wanda Turancin makaranta kawai ya sani, sai na riƙa karanta shi da ƙarfi kafin kunne ya kama abin da ido ya kasa. Zaɓe yake yi daga kundayen, ba duka ya kawo ba, kuma sai a 1962 Harry Carr ya buga rubutun zaman daga 1598 zuwa 1738 a jere. Ƙarshen littafin kuma ya cika da hotuna da taƙaitaccen tarihin manyan zamaninsa, masu gemu da lambobin girma. Na fahimci dalili, irin wannan babban aiki sai da masu ɗaukar nauyi, amma bayan Patoun da 'yan aikin lada, waɗannan shafuka ba su da ɗumi. Ko dogon bayanin rikicin 1807 zuwa 1813, lokacin da aka dawo da Kilwinning cikin babbar majalisa aka ɗora ta a saman jeri har Edinbara ta yi fushi ta fice na wasu shekaru, yakan fi ƙarfin haƙurina, ko da yake mai son ganin yadda neman girma ke raba 'yan'uwa zai sami abin karatu a ciki.

Duk da haka, in aka ce in ɗauki ɗaya tsakanin Lyon da waɗanda suka gyara shi, zan ce su ma a kan kafaɗarsa suka hau. Carr ya fi shi cika, Stevenson ya fi shi hangen nesa, amma shi ne ya fara buɗe akwatin ya ce a daina tatsuniya a zo a duba.

Ƙarshen cocin ya zo ne ta hanyar gada. Birnin yana faɗaɗa, ana son titi miƙaƙƙe da zai tsallake kwarin Cowgate zuwa kudu. Ranar 1 ga Agusta, 1785, Lord Haddo, shugaban babbar majalisar nan da aka kafa a cikin cocin, ya aza harsashin gadar South Bridge, 'yan'uwa suna tsaye cikin kayan bikinsu. Gadar mai baka 19 ta bi ta kan tsohon lungun, a 1787 aka rushe cocin Maryamu, aka fitar da sabon titin Niddry ɗan gabas kaɗan. Ina karanta wannan wuri da nauyin zuciya kowane lokaci, domin magina sun fi kowa sanin abin da ake ji idan aka sauke bangon da aka daɗe ana jingina da shi.

Amma unguwar ba ta gama da wannan labari ba. A gindin lungun akwai ɗakin kiɗa na St Cecilia, wanda mawaƙan nan suka gina a 1763 bayan sun bar cocin, kuma Robert Mylne, ɗan zuriyar maginan nan, shi ya zana shi. Da kiɗan ya mutu, a farkon ƙarni na 19 wata jama'ar Baftis ta saye shi ta mai da shi wurin sujada. A 1809 babbar majalisar Firimason ta saye shi daga hannunsu, ta ƙara masa gini a 1812, ta zauna a ciki har 1844. Sau biyu ke nan a lungu ɗaya ɗakin ibada ya koma zaure. Shi wannan ya tsira. Ya yi makaranta, ya yi gidan rawa, a 1959 Jami'ar Edinbara ta saye shi, yanzu gidan adana kayan kiɗa ne, kuma rubutun 1812 yana nan a jikin bangon da ke kallon Cowgate. Zauren su Patoun kuwa, bayan ya yi ta sauya masauki, tun 1893 yake lamba 19 a titin Hill cikin sabon gari, a wani gini da aka fara yi don wanka da koyon zane. Can suke haɗuwa, da kundin 1599 a hannunsu, kuma har yanzu da sunan cocin uwargidan Ross ake kiransu.